ƘARFE MAI LAMBA BAKWAI: Tarihin Ƙwallon Lambu Da Yaran Da Suka Ɗauki Jakar Turawa

Na san da ganin kan maganar nan wasu za su taɓe baki su ce, mu da muka saba da labaran ƙirƙira da sharhin littattafai, me ya haɗa mu da wasan masu hannu da shuni? Ku yi mani haƙuri ku biyo ni, domin kuwa ni ma ba a gidan attajiri na fara ganin kayan wasan nan ba. A ɗakin wani manomin auduga na gan shi, a wani ƙauye da ke gefen Bakori, kan hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi.

Manomin nan kawuna ne, yayan mahaifiyata, Allah Ya jiƙan sa. A bayan ƙofar ɗakinsa, inda yake jingine fartanya da lauje da magirbi, akwai wata sanda ta ƙarfe, siririya, mai karkataccen kai, an buga lamba 7 a gindinta. Mu yara mun ɗauka ta kashe maciji ce, kuma ba mu yi ƙarya ba, don ta kashe da dama. Amma idan kaka ta yi, aka kwashe dawa, aka tuge itacen auduga, gona ta zama fili fetal, sai Kawu ya ɗauko ta bayan la'asar tare da wasu 'yan ƙwallaye biyu da tsufa ya mayar ruwan ɗorawa. Ya tsaya, ya gyara ƙafa, ya yi shiru kamar mai sauraren wani abu, sannan ya kaɗa. Sai ka ji ƙas, ƙwallo ta tashi ta nufi gindin wata ɗorawa can nesa. Mu ne 'yan tsinto ta. Mutanen gari kuwa cewa suke yi ciwon bariki ne ya motsa masa.

Wannan wasa shi ne golf, wanda gidajen rediyo suka raɗa wa suna ƙwallon lambu. Sunan bai dace da shi sosai ba, don babu lambun da ya kai girman filinsa, amma tunda ya bi baki sai mu bar shi.

Asalinsa daga ƙasar Sikotlan ne, arewa da Ingila, kuma abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne a makiyaya ya tashi. Akwai wani irin fili mai yashi a bakin tekun ƙasar, wanda ba ya nomuwa, sai dai tumaki su yi kiwo a kai. A nan mutane suka riƙa bugun ƙwallo da sanda suna neman jefa ta cikin rami. Abin ya shiga ransu har a 1457 Sarki James na Biyu ya hana shi tare da ƙwallon ƙafa, wai suna ɗauke hankalin samari daga koyon harbin baka, ga kuma yaƙi da Ingila a gaba. Dokar ba ta yi tasiri ba. A 1744 wasu 'yan wasa a Leith, kusa da Edinburgh, suka rubuta ƙa'idoji 13, waɗanda su ne mafi tsufa da aka sani a rubuce. A 1764 kuma mutanen St Andrews suka rage ramukansu daga 22 zuwa 18, daga baya duniya ta bi su. Daga nan duk inda tutar Ingila ta je sai sandar ta bi ta: Kalkata ta Indiya a 1829, Afirka ta Kudu a 1885, Nairobi a 1906.

Mu nan Arewa, abu uku ne suka jawo Bature ya zauna har ya nemi wurin wasa: kuza, gyaɗa da auduga. Layin dogo ya iso Kano a 1911. A Jos, inda ake haƙar kuza, kulob ɗin Rayfield yana ƙirga shekarunsa daga 1913, na Kaduna kuma daga 1921, wato 'yan shekaru kaɗan bayan an taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru. Kano da Zariya su ma suna da nasu filayen a cikin unguwannin Turawa. Ƙasarmu ta kudancin Katsina auduga ce ta shigar da ita cikin lissafi. Kamfanin nan na masu masaƙun Manchester da aka kafa a 1902, BCGA, wanda bakin mutanenmu ya mayar Bisije, shi ya baza irin audugar Amurka, ya kafa injunan gurza a Funtuwa da Malumfashi, sannan aka ja reshen dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Kauran Namoda a 1929. Wannan dogo da yake kwasar dilolin auduga, shi ne kuma yake kwasar samari 'yan cin rani idan an gama kasuwar kaka. A cikinsa Kawu ya shiga yana ɗan shekara goma sha kaɗan, ana saura 'yan shekaru a ba da mulkin kai, ya sauka a wani bariki da ba zan faɗi sunansa ba saboda abin da zan kawo a gaba.

Ya ce da farko dako ya yi a tasha. Wani ɗan garinmu da ke aikin kuku a gidan Bature shi ya kai shi filin wasa, aka rataya masa jaka. Aikin a ido mai sauƙi ne: ka ɗauki jakar sanduna, ka bi maigida daga rami na 1 har na 18, tafiyar da ta kan kai mil huɗu ko biyar, ka sa ido ka ga inda ƙwallo ta faɗi, ka miƙa sandar da aka nema, ka yi shiru lokacin bugu. Lada sisi, idan maigida ya ci wasa yana cikin nishaɗi a ba ka sule. Turawa na kiran irin waɗannan yara kadi. Ba su shiga zauren kulob, ba su taɓa sanda da sunan wasa a gaban mutane. Amma wanda ya yini yana kallon abu wata da watanni, ai ko bai so ba sai ya iya. Da hantsi, lokacin da iyayen gida ke ofis, sai yaran su lanƙwasa rodi ko su sassaƙa reshen itace, su koma bayan fili su yi ta gwabzawa a kan taro-taro.

A nan ya kamata in tsaya in bayyana wani abu da ya bambanta wasan a ƙasarmu da na Turai, domin shi ne ya sa hannun Kawu ya zama yadda ya zama. A can, kewayen rami ciyawa ce mai laushi da ake shayarwa ana aske ta kullum. Nan kuwa da za a yi wata bakwai ba ɗigon ruwa, wa zai shayar da ciyawa? Sai aka yi dabara: a tankaɗe yashi, a cuɗa shi da baƙin man inji, a shimfiɗa shi a kewayen ramin a daddaɓe. Kafin mutum ya gangara ƙwallo sai yaro ya ja wani abin share fage daga inda take zuwa bakin rami, ya shafe sawun ƙafa. Saboda launinsa Turawa suka kira shi burawun. Sauran filin kuma da rani ƙeƙasasshe ne kamar daɓen ɗaki. Wanda ya ɗaga ƙwallo sama irin ta Turai, tana dira sai ta yi tsalle ta wuce cikin daji. Don haka yaran suka koyi bugun ƙasa-ƙasa, a sauke ta tun da nisa a bar ta ta gangara da ƙafarta. Kawu ya kan ce, "Ƙasa ta fi iska amana, ɗan nan. Iska ba ka san inda za ta kai ta ba, balle ta hunturu."

Kada mai karatu ya raina wannan yashi mai man inji. A kansa aka riƙa yin babbar gasar Nijeriya a Ikoyi ta Legas, wadda ƙwararrun Turai ke zuwa lokacin da sanyi ya rufe filayensu. Lee Elder ya ci ta a 1971, shi ne kuma baƙar fata na farko da ya buga gasar Masters ta Amurka a 1975. Sandy Lyle a nan ya fara cin kofi a matsayin ƙwararre a 1978, kafin ya ci babbar gasar Birtaniya a 1985. A 1981 Peter Tupling ya gama ramuka 72 da bugu 255, wato ya rage 29 daga adadin da aka ƙayyade, abin da ya zama abin faɗi a duniya a lokacin. Vijay Singh ɗan ƙasar Fiji ya ci ta a 1988 da 1989 tun ba a san shi ba, ga shi a 2004 ya zama na ɗaya a duniya. Filin IBB na Abuja mai ciyawa shar sai a 1991 aka buɗe shi.

Akwai tambayar da na daɗe ina yi wa kaina. Cikin wasannin sanda da Turawan nan suka kawo akwai folo da wannan. Me ya sa folo ya zama namu har Katsina ta yi suna da shi tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya zama gwanin da ake ba da labari, amma ƙwallon lambu ya tsaya a bayan shinge? A ganina amsar tana ga doki. Hawa abu ne na sarauta tun kafin Bature, don haka ɗan sarki bai ji kunyar riƙe sanda a kan sirdi ba. Amma babban mutum ya sauka ƙasa, ya yi ta sintiri a rana yana bin 'yar ƙwallo da ba ta kai ƙwan kaza ba? Wannan sai ya yi kama da zubar da girma. Saboda haka folo ya shigo mana ta ƙofar fada, shi kuwa wannan ya shigo ta ƙofar baya, ta hannun 'ya'yan talakawa masu ɗaukar jaka. Sai bayan 1960 da hafsoshin soja da manyan ma'aikata da 'yan banki suka gaji kujerun Turawa, suka gaji kulob ɗin tare da su. Akasarin ƙwararrun 'yan wasan da ƙasar nan ta fitar daga cikin masu ɗaukar jaka suka taso, kuma ba mu kaɗai ba. A 1913, shekarar Rayfield, wani tsohon kadi ɗan shekara 20, Francis Ouimet, ya kayar da Harry Vardon da Ted Ray a babbar gasar Amurka. A Afirka ta Kudu an yi Papwa Sewgolum, jinin Indiyawa, wanda ya ci gasar Holan sau uku, ya kuma doke Gary Player a gasar Natal ta 1965, amma saboda wariyar launin fata an taɓa miƙa masa kofi a waje ruwa na dukan sa, don doka ta hana shi shiga zauren kulob. Riƙon sandarsa a juye yake, hannun hagu a ƙasa. Ranar da na ga hotonsa sai da gabana ya faɗi, domin haka Kawu yake riƙe tasa.

To, yanzu ga abin da ya dawo da Kawu gida. Tushen ƙa'idojin wasan nan guda ne: ka buga ƙwallo a inda ka same ta. Ba alƙali da usur a bayanka, kai ne mai ƙirga bugunka, kai ne mai yanka wa kanka tara. Ana ba da labarin Bobby Jones da ya ƙara wa kansa bugu ɗaya a gasar Amurka ta 1925 don ƙwallonsa ta ɗan motsa ba wanda ya gani, wannan bugu ɗaya kuwa ya jawo kunnen doki, aka sake karawa ya sha kaye. Haka littafi ya ce. Amma Kawu ya ce ba kowane Bature ne Bobby Jones ba. Yaran ba su da takalmi, kuma sun ƙware wajen ɗaukar ƙwallo da yatsun ƙafa suna tafiya kamar ba komai, su fito da ita daga cikin tofa su aje ta a sarari. Akwai wani manajan kanti da Kawu ya yi wa wannan hidima fiye da shekara. Bai taɓa cewa a yi ba, bai kuma taɓa tambayar yadda ƙwallonsa ke faɗawa daji ta fito da kanta ba, sai dai duk ranar da aka yi, sisi ya kan zama sule. Ran nan ana wata gasa ta kofi, abokin karawarsa ya gani da idonsa. Manaja ya buɗe baki ya ce shi bai san komai ba, yaron nan ne ɗan banza. A gaban jama'a aka karɓe jakar daga kafaɗar Kawu, aka ce kada a ƙara ganin sa a filin. Manaja ya ƙarasa wasansa da wani yaro.

Wani tsohon injiniyan jirgin ƙasa da Kawu ya kan ɗaukar wa jaka wani lokaci shi ya aiko kukunsa da wannan ƙarfe mai lamba 7 da ƙwallaye biyu, ba tare da wani saƙo ba. Da su ya hau jirgi ya dawo Funtuwa, ya koma gona, ya yi aure. Ya ga zamanin da auduga ke sayen keke da rediyo, ya ga zuwan shirin bunƙasa noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa wa daga 1975, lokacin da takin zamani da masara suka canza fuskar ƙasarmu, ya ga an yanke Jihar Katsina a 1987, ya kuma ga masaƙun Kaduna sun rufe ɗaya bayan ɗaya har audugar ta rasa mai saye da daraja. Duk wannan zamani sandar tana bayan ƙofa.

Ni kuwa ban taɓa zaton zan riƙe irin ta ba sai da shekaru suka ja, ina aiki a Kaduna, likita ya ce hawan jini ya kama ni, in nemi abin da zai sa in riƙa tafiya da ƙafa. Wani abokin aiki ya ja ni fili. Da yake ɗan boko ne ni, abin da na fara yi shi ne sayen kaya. Na samo jaka ta gwanjo cike da sanduna 14, har da wata ƙatuwa mai kai kamar ƙwarya da ake kira direba, na sayi takalmi da safar hannu da hula. Wata shida ina haƙar ƙasa kamar mai kaftu. Ƙwallayen da na zubar a daji Allah kaɗai Ya san adadinsu.

A cikin wannan hali aka kawo Kawu gidana don aikin ido. Da ya warware ya ga jakar a zaure, sai ya ɗaga ta ya aje, ya ce, "Wane bawan Allah ne ke ɗaukar maka wannan? Ka ji tsoron Allah." Na ce, "Kawu, ai doka ce ta ba da 14." Ya ce doka ta ce kada a wuce, ba ta ce sai an cika ba. Ya kuwa yi gaskiya. Da can sandunan kotar itace gare su kuma kaɗan ake ɗauka. Da aka halatta kotar ƙarfe, a Amurka a 1924, a Birtaniya a 1929, sai kamfanoni suka riƙa ƙera su jeri-jeri da lambobi, har irin su Lawson Little suka riƙa zuwa gasa da sanduna ashirin da wani abu, yara na nishi a bayansu. Shi ya sa aka yanke 14, a 1938 a Amurka, a 1939 a sauran wurare. Dokar kuwa ba ta wasa: a 2001 Ian Woosnam yana kan gaba a ranar ƙarshe ta gasar Birtaniya aka tarar da sanda ta 15 a jakarsa, aka ɗora masa bugu biyu.

Kawu ya sa na zazzage jakar a tsakar gida. Ya ware guda biyar: ɗaya mai dogon zango wadda ba direba ba, ƙarfe mai lamba 5, mai lamba 7, mai lamba 9, da ta gangarawa cikin rami. Sauran ya ce a kai ɗaki. Ya ce in riƙa rubuta inda bugu na ke salwanta. Da na yi haka na mako uku sai na ga abin kunya: fiye da rabin bugun da nake yi a kusa da rami ne, inda ƙarfi ba ya amfani, ni kuwa duk atisayena a kan direba yake don in burge mutane. Ya kafa mani bokiti a bayan gida, taku ashirin, ya ce kullum bayan asuba in gangaro ƙwallo hamsin da lamba 7. Riƙo kuma ya ce kamar na lauje, wanda ya danƙe lauje da ƙarfi kafin azahar hannunsa ya mutu. Idan ƙwallo ta shiga daji kada in nemi yin abin al'ajabi, in fito da ita sarari ko da baya ne, in karɓi asarar bugu ɗaya kafin ta zama huɗu. Bai yarda in kwaikwayi riƙonsa na juye ba, ya ce shi rashin malami ne ya sa. A shekara guda rangwamen da ake ba ni, wato bugun da ake yafe wa mai rauni don ya iya karawa da gwani, ya sauko sosai, alamar hannu ya fara faɗawa.

Saboda in daina jin kunya a gaban abokan wasa na sayi littafin ƙa'idoji na zauna na karance shi. Akwai abubuwa a ciki da suka dace da dajinmu kamar don mu aka rubuta. Idan ƙwallo ta faɗa ramin gafiya, a ɗauke ta a saki a gefe ba tara. Idan ta tsaya kusa da maciji mai dafi ko ƙudan zuma, haka nan. Idan ta shige ƙaya yadda ba ta buguwa, ka sayi fita da bugu ɗaya. Idan ta ɓace, ka ƙara ɗaya ka koma inda ka bugo. A gyaran 2019 an rage lokacin nema daga minti biyar zuwa uku, kuma yanzu daga tsayin gwiwa ake sakin ta maimakon kafaɗa. Ina cikin wannan karatu na ci karo da ƙa'idar da ta sa na rufe littafin na yi tagumi. Ta ce ɗan wasa shi ke da alhakin abin da mai ɗaukar jakarsa ya aikata a lokacin wasa, idan yaron ya karya doka, tarar a kan maigida take. Wannan tsohuwar ƙa'ida ce, ba sabon gyara ba. Wato ko da a ce manajan nan da gaske bai sani ba, a hukuncin littafin da su da kansu suka zo da shi, shi ya kamata a fara ɗora wa tara a ranar. Duk Turawan da ke tsaye a wurin sun san haka. Yaron ne kaɗai bai sani ba, don ba ya karatun boko.

Da na je gida hutun sallah na same shi a gindin ɗorawar nan, na fassara masa wurin kalma bayan kalma. Ya sa na maimaita. Ya daɗe bai ce komai ba, yana murza carbi. Can sai ya ce, "To, ai ni ma na ɗauka da ƙafata, ba a yi mani ƙazafi ba." Ya ƙara yin shiru, sannan ya tambaye ni ko har yanzu ana hana yaran shiga zaure. Na ce a wurare da yawa suna da rumfarsu daban a waje. Ya ce nawa nake ba nawa yaron? Na faɗa masa. Ya ce in ƙara, in kuma bar shi ya riƙa buga sanduna taran nan da ke kwance a ɗaki.

Kawu ya rasu da damina, shekara biyu bayan wannan zance. Wajen rabon gado aka lissafa gona da shanun noma biyu da keke da buhunan masara, ba wanda ya sa sandar a lissafi. Na roƙi babban ɗansa ya ba ni, ya ce in yi haƙuri, macizai sun yi yawa a bayan rumbu bana.